Zane a fuskar filasma ba ajalinta ba ne

Yawancin talabijin ɗin da ake kawo mini shago a Dambatta, musamman na gidajen kallon ƙwallo, an riga an yanke musu hukunci kafin su iso: wai sikirin ya mutu, sai sabo. Da yawansu kuwa lafiyarsu ƙalau, wanda ya duba ne bai san yadda wuta ke tafiya a ciki ba.

Abin da muke ce wa filasma yanzu kusan duk LCD ne. Gilashi biyu ne da ruwan kiristal a tsakani. Ruwan ba ya ba da haske, fitilun baya ke haskowa, shi aikinsa ya buɗe wa hasken hanya ko ya tare, gwargwadon wutar da aka ba shi. Sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kowane ɗigo kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, sama da miliyan 6 ke nan, kuma kowane da tiransistansa, wato ɗan makunnin da ke buɗe masa wuta. Ba a ba su wuta lokaci guda. Kamar ban-ruwa ne a fadama: a buɗe layi ɗaya, kowane kwami ya sha rabonsa, a toshe, a koma na gaba. Haka daga sama har ƙasa, wajen sau 60 a daƙiƙa. Kuma kowane zagaye sai an juya wutar, fulos ya koma mainos, don in ta tsaya gefe ɗaya ruwan lalacewa yake yi.

Maigidana da ya koya mini a Kano, Allah ya saka masa da alheri, ba ya barin yaro ya taɓa ayan, ƙarfen da ake narka dalma da shi, sai ya iya karanta mitar auna wuta. Zai ɗora mini bod ɗin tikon, wanda ke tsara yadda ake raba wa sikirin wuta, ya ce, "Ɗan nan, nemo mini VGH." Ita ce wutar da ke buɗe layi. In ga bolt ashirin da wani abu, in nemo VGL, mai toshe layin, wadda take ƙasa da sifili. Daga nan na san zane a tsaye galibi ribon ne ya saki, wato siririyar ledar wayoyi da ke manne da gilashi tana ciyar da layukan tsaye, zane a kwance kuwa ɓangaren buɗe layuka ne. Ribon ɗin nan sai da gilashin ƙara girma nake duba shi, don hanyoyin da ke jikinsa ido ba ya rarrabe su.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu manna salatif a bakin ribon da ka, su karɓi kuɗi. Hoto ya dawo na ɗan lokaci, sannan rabin fuska ya yi duhu. Ga dillalan da ke aiko da tikon tsoho a leda sabuwa. Ni sai na gwada shi a gaban mai kaya.

In talabijin ɗinku ta fara zane ko rawa, don Allah kada a danna gilashin da yatsa. A kawo ta a tsaye, kada a kwantar da ita a bayan babur.