Hayar kwana a Gwarinpa

Gidan kawuna da ke Gwarinpa fulat huɗu ne, kuma ni ke kula da shi tun da ya koma Kano. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin hayar shekara ya daina riƙe shi. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, na ƙasan nan biyu a mayar da su hayar kwana." Shotlet, in ji 'yan Abuja.

Mai hayar shekara a Abuja sai an ba shi notis na wata shida, muka bayar. Ɗaya ma'aikaciyar jinya ce mai yara uku. Ta karaɗe Gwarinpa da Kubwa ba ta samu abin da albashinta zai ɗauka ba, ta ƙare a Mararaba, cikin jihar Nasarawa. Yanzu da asuba take fita saboda cunkoson Nyanya.

Kuɗi na shigowa, ba musu. A Disamba, lokacin bukukuwa, waya ba ta hutawa. Da azumi kuwa sai ɗaki ya yi ta zama da ƙura. Ga gado da kujeru, ga sola da intanet, ga mai wankin zannuwa. Da aka kai wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, na san zafin baƙon da zai kunna AC ya kulle ƙofa ya tafi yawo har dare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda layinmu ya sauya. Mai gidan da ke kallon namu bai sayi ko filo ba, amma ya ƙara wa 'yan hayarsa kuɗi, wai in ba za su biya ba shi ma ya san hanya. Dillalai suka koma lissafin gida da kwana maimakon shekara. Kuma ƙananan fulat ake kwashewa, mai ɗaki ɗaya da mai biyu, daidai waɗanda malamin makaranta da sabon ango ke nema. Manyan gidajen Maitama da ke rufe ba su suke buƙata ba.

Tsadar siminti da faɗuwar naira su ma da hannunsu, ban ɗora komai a kan shotlet ba. Amma hukumar birnin Basalona na ƙasar Sifaniya ta ce zuwa 2028 za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000, kuma na fahimci dalilinta.

Kawu yanzu so yake a tashi na sama su ma. Na tura masa lissafin watannin da babu baƙi da kuɗin wuta, na ce a bar su. Ya ce mu yi magana bayan Sallah.