Littafin bashin tsohona da waƙoƙina goma sha ɗaya

Mahaifina ɗan aya ne. Shekara da shekaru yana sayen aya daga ƙauyukan kewayen Maradi, yana loda wa motoci su bi ta Ɗan Isa su shiga Najeriya. Ban da makarantar allo bai taɓa zama a aji ba, amma yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubutu a ciki da ajami: wa ya karɓi buhu nawa, ran wace kasuwa, ya ba da nawa, saura nawa. Ina lise lokacin, kuma a zuci dariyar littafin nan nake. Ni ai mawaƙi ne, harkata ta fi ƙarfin lissafin buhu. Yau na haura talatin, na yi waƙa ta kai arba'in, kuma goma sha ɗaya daga ciki, waɗanda suka fi kowace daɗi, ba su hannuna. Ina jin su a wayoyin mutane, ina jin su a shagon mai cajin waya, amma ba ni da abin da zan nuna in ce tawa ce.

Ƙannena masu rubuta baiti a bayan littafin makaranta, ku na nufa da wannan magana.

A fada na fara, wato majalisar samarin unguwa, kamar kowa. Tabarma, butar shayi a kan gawayi, wani na buga bayan bokiti, kowa na jefa nasa. Yayyenmu sun taso da kaset ɗin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskia, waɗanda suka buɗe wa rap hanya a Nijar daga ƙarshen shekarun 1990, suna cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Daga gare su muka gane cewa ba sai ka zama ɗan Amurka ba. Amma Yamai daban, Maradi daban. Garin nan ne aka yi zanga-zanga da ƙone-ƙone a 2000 kan bikin nunin kayan ado na FIMA, alhali ba ma nan aka shirya shi ba. Wanda zai ɗauki makirufo a garin malamai da alhazai ya san akwai idon da ke kansa. Wannan na sani tun farko, na kuma kiyaye bakina. Inda ban kiyaye ba shi ne wajen da ba mai sa ido.

Waƙar da ta fara fitar da sunana, a kan kiɗan aro na yi ta. Na samu wani instru, wato kiɗa ba murya, a YouTube an rubuta kyauta ne, na sauke, na kai sitidiyo, na ɗora murya. Ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba, kuma ko na karanta Ingilishi ne. Ashe kyautar ta mai gwaji ce: ka rera ka ji daɗinka, amma ranar da kuɗi suka shigo ko ka sa ta kasuwa, sai ka sayi izini. Waƙa ta bi gari, ƴan kabu-kabu na sa ta, aka gayyace ni wasan ƙarshen shekara a makarantu biyu. Da na ɗora ta a intanet da sunana, na'urar YouTube mai gane kiɗa ta kama ta, aka rubuto cewa kiɗan na wani ne. Daga baya ma na ji wani yaro a wata ƙasa ya yi waƙa a kan kiɗan nan sak, don mai shi ga kowa yake sayarwa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ni kuwa na ɗinka babbar riga da shi na fita sallah.

Ga yadda abin yake. Masu kiɗa na intanet iri biyu suke sayarwa. Akwai na haya, mai araha, wanda za a ba ka a ba wasu, kuma sau da yawa da iyaka kan yawan saurare ko tsawon lokaci. Akwai na mallaka, mai tsada, wanda daga kai ba a ƙara sayar wa kowa. Duk wanda ka saya, takarda ake ba ka, kuma takardar ce kayan. In ba ka da kuɗin ko ɗaya, ka zauna da mai haɗa kiɗa na unguwarku ku yi naku daga tushe. Ka kai masa mai kalangu ko mai gurmi ya buga na minti biyu a naɗa, a yanka a ɗora a kan ganga. Ba wanda zai taso daga wata duniya ya ce nasa ne, kuma kunnen Bamaraɗe zai tsaya.

Babbar asarar kuwa a sitidiyo ta same ni, kuma har yau in na tuna sai cikina ya juya. Ɗaki ne ciki ɗaya, an manna kwalin ƙwai a bango don sauti, fanka sai an kashe in za a ɗauki murya, ka fito sharkaf kamar an tsamo ka daga gulbi. Shekara biyu ina zuwa can. In na samu jika biyar in kai, in na samu jika uku in kai. Duk waƙar da aka gama sai mai sitidiyon ya turo mini MP3 ta WhatsApp, ni kuma in kama murna in yi ta rabawa. Ban taɓa cewa ya ba ni WAV ba, wato asalin sautin da ba a matse ba. Ban taɓa cewa ya fitar mini da murya daban, ganga daban, bas daban ba. Ban ma san ana tambaya ba. Wata rana na je na tarar da shi zaune a ƙofa ya rafka tagumi: wuta ta zo da ƙarfi, kwamfuta ta tafi da komai. Ya ce, "Wallahi ƙanena, har nawa sun tahi." Ban ga laifinsa ba, don ba ajiya na ba shi ba, sakaci na bar masa. Waƙa goma sha ɗaya. Abin da ya rage MP3 ne da ya bi waya goma ya gaji. Bayan haka wani mai shirya fim ya nemi ɗaya daga ciki, ya ce in ba shi kiɗan ba murya. Na yi ta kame-kame har ya daina kira.

Ƴar kile ta USB ba ta kai kuɗin awa ɗaya a sitidiyo ba. Ranar da aka gama waƙa, kada ka bar ɗakin sai an zuba maka WAV da rabe-raben muryoyin a ciki, sannan ka je ka ɗora kwafi a Google Drive ko ka aika wa kanka ta imel. Wuri biyu aƙalla. Wutar yankinmu daga Katsina take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulki: watanni aka yi ana fama, sitidiyo da yawa sai da injin wuta, kuɗin aiki ya tashi. Wanda kayansa ke aljihunsa ya ɗauka ya ƙarasa wani wuri. Wanda nasa ke cikin kwamfutar wani ya zauna jira.

Sai batun shafi. Abokina ne ya buɗe mini YouTube da Facebook, da imel ɗinsa, da lambar wani layi da aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasa na yayansa. Muna tare ba komai. Da muka saɓa, a kan abin da bai kai a faɗa ba, sai na wayi gari ni baƙo ne a gidana. Mabiyan da na tara shekara uku suna can, ni ina waje. Shi bai ma yi mugunta ba, fushi ya yi ya tafi Agadas neman kuɗi, layin ya mutu, lambar sirri ta bi shi. Ka buɗe da imel ɗinka, da layin da ke da sunanka, kuma kada ka bar layin ya kwana ba amfani har kamfani ya ba wani. Haka in za ka sa waƙa a Spotify ko Boomplay ko Audiomack ta hannun masu rarrabawa, ka san asusun wa aka yi amfani da shi, don kuɗin can za su faɗa. Wasu kamar DistroKid kuɗin shekara ake biya, in aka daina biya waƙoƙi na iya sauka. Spotify ya shigo Nijar a 2021, amma kada wani ya ruɗe ka, abin da ke fitowa daga saurare dubu ba zai saya maka buhun shinkafa ba. Amfaninsa a wurinka shi ne sunanka na rubuce a kan kayanka inda duniya ke gani.

Na yi waƙar kamfe a zaɓen 2020. Wani na hannun daman ɗan takara ya zo fada da mota, ya ce a yi waƙa, "in Allah ya ba mu sa'a ba za mu manta da kai ba." Ya ba ni kuɗin sitidiyo, sauran sai bayan zaɓe. Ba takarda, ba shaida, don kunya ta hana ni cewa a rubuta, kada a ce ban yarda da babba ba. Waƙa ta yi ta tashi a lasifika daga unguwar Zariya har Tibiri. Bayan zaɓe lambarsa ta daina shiga. Kuɗin bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya: rabin masu saurarena suka ɗauke ni ɗan jam'iyya, kuma duk baitin da na yi a kan tsadar rayuwa sai a ce ai an saye shi. Ban ce kada ka yi waƙar siyasa ba, makaɗa sun yi wa sarakuna da ƴan siyasa tun kafin a haife mu. Amma ka karɓi naka kafin ka buɗe baki, ka kuma san cewa ba waƙar kaɗai ka sayar ba.

Na kilib, wato bidiyon waƙa, ba zan tsawaita ba. Na sayar da babur na hau mota zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, na yi hayar mota mai ƙyalli da takalman aro. Bidiyon ya yi kyau, waƙar ce ba ta nuna ba. Na dawo a ƙasa.

Abin da ya fara gyara mini hanya ƙarami ne. Na lura masu tura waƙa a waya, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin babbar kasuwa da tasha, su ne rediyon gaskiya na garin nan. Mutumin ƙauye zai zo ran kasuwa ya miƙa katin waya ya ce a cika masa, abin da mai turi ya zuba shi zai ji har wata ya zagayo. Da ina jin haushinsu, ina cewa suna cin gumina. Yanzu ni ke kai musu da kaina, da suna a rubuce daidai, da lambata a cikin waƙar kusa da ƙarshe. Kuɗin da nake samu daga nan suke fitowa: a ji ni a Gidan Rumji ko Madarunfa, a kira ni biki ko wasan sallah. Shi ma wasa sai da na koyi lokacinsa. Na taɓa kama fili a tsakiyar damina, na buga tikiti na dala ɗari, hadari ya haɗo da la'asar, mutum ashirin suka zo, goma a ciki ƴan fadarmu ne da ba sa biya. Bayan sallah da bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, nan ake wasa. Kuma rabin kuɗi kafin in hau, ko ɗan uwana ne.

Akwai kuma BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, inda ake rajistar waƙa da sunan mai ita, su kuma karɓo haƙƙi daga masu amfani da ita. Shekaru na yi ina cewa na manya ne. Ba na manya ba ne, na mai waƙa ne. Ko bai sa ka yi arziki ba, ranar da gardama ta tashi kana da inda za ka nuna. In kun yi waƙa ku biyu ko uku, ku rubuta tun ranar: wa ya yi kiɗa, wa ya rubuta amshi, kashi nawa na kowa. Takardar littafin makaranta ta isa, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto. Lokacin da waƙa ba ta da ko dala ake wannan magana cikin raha. In ta fashe, zumunci ke fashewa tare da ita.

Tsohona bai taɓa sauraren waƙata har ƙarshe ba, kuma ban sa rai ba. Bara da azumi, bayan an sha ruwa, ya same ni a zaure ina rubutu a wani littafi da na saya dala sittin. Ya tsaya a kaina ya ce, "Mi kake rubutu, waƙa?" Na ce a'a Baba, lissafi ne. Ya miƙo hannu. Ba ya karanta boko sosai, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya bi layi da yatsa: sunan waƙa, wanda ya yi kiɗa, inda na aje ta, wanda ya kira ni wasa, abin da ya ba da, abin da ya saura. Ya tsaya a wani layi ya daɗe.

"Wanga na Tasawa, tun yaushe?"

Na ce tun bayan babbar sallah.

"Jika goma sha biyar, wata tara, kana zamne?" Ya mayar mini da littafin ya gyara hula. "Gobe akwai motar aya da za ta bi ta can. Ka shirya da asuba."