Noman gero da dawa don abincin dabbobi a ƙasar Daura

Sana'armu noman gero da dawa ce, amma ganye da kara muke sayarwa, ba hatsi ba. Masu sayenmu 'yan ƙiba ne da masu shanun nono, kuma cinikin yana kankama daga Maris zuwa Mayu, lokacin da daji ya ƙone, harawa ta yi tsada a kasuwannin Mai'adua da Mashi.

Bambancin yana farawa tun daga shuka. Mai neman hatsi yana barin santimita 75 tsakanin kunya da kunya, ya kuma yi cira. Mu layi muke ja kusa-kusa, santimita 30 zuwa 40, mu zuba iri da yawa: gero kamar tiya 5 zuwa 6 a hekta, dawa tiya 8 zuwa 10. Cunkoson ne ke sa karan ya fito siriri mai taushi. Kara mai kauri dabba ba ta cinye shi, sai ta tsince karmamin ta bar maka itace a kwami. A jigawa gero ya fi, don yana jure ƙarancin ruwa. Dawa kuwa a kai ta inda ƙasa ke da laka. Takin gida a zuba kafin huɗa, NPK buhu 2 zuwa 3 wajen shuka, yuriya buhu ɗaya bayan noman firi.

Wajen yanka ne riba ke samuwa ko ta salwanta. Gero ana yanka shi tsakanin kwana 45 zuwa 55, ya yi ciki amma zangarniya ba ta fito ba. Da ya yi bununi, amfanin ya fara tafiya ga ƙwaya, karan ya yi tauri. A bar tushe kamar taƙi ɗaya, a ƙara yuriya idan da laima, zai sake tofowa a yi yanka na biyu kafin ruwa ya ɗauke a Satumba.

Dawa tana da nata sharaɗin, kuma ba wasa a cikinsa. Ƙaramar dawa da gyauronta suna da guba mai kashe saniya cikin ƙanƙanin lokaci, musamman idan fari ya kama ta sannan aka yi ruwa ta tofo. Kada a sake dabbobi a kanta, kada a yanka a ba su ɗanya, sai ta haura santimita 60, wato ta wuce gwiwar babban mutum sosai. Shanyawa sosai ko binnewa a rami yana rage wannan guba. Gero ba shi da irinta, sai dai idan an cika masa yuriya kuma fari ya biyo baya, gishirin takin yakan taru a gindin kara ya cutar da dabba, shi kuwa shanya ba ta kore shi. A irin wannan shekara a ɗaga lauje a yanka sama.

Yankan farko yana faɗowa cikin marka, shanya ba ta yiwuwa, sai funfuna. Shi ya sa muke yin silej da shi, wato ɗanyen ganye da kara da ake binnewa a rami su yi tsami. A bar shi ya yi yaushi na wuni guda, a daddatsa da inji kamar santimita 2 zuwa 3. Matsa a tafin hannu: idan ruwa ya ɗiga bai yi ba, idan ya dunƙule ya saki a hankali ya yi. A shimfiɗa leda a ramin da aka haƙa a kan tudu, a zuba kashi-kashi ana tattakewa, a rufe ranar, a danne da ƙasa. Bayan sati 4 zuwa 6 ya nuna. Mai kyau yana da ƙamshin tsami. Wanda ya yi baƙi yana wari iska ce ta shige shi, ko ɓera ya huda ledar.

Yankan ƙarshen damina shi ake yin ingirici da shi. A ɗaure dami-dami a ɗora kan rumfa ko cikin rumbu, don gara ba ta barin abin da ya taɓa ƙasa, rana kuma tana cinye korensa. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshe kilo 6 zuwa 7 a rana. Muna gaya wa mai saye ya haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa da dusa, domin kara shi kaɗai yana riƙe dabba ne, ba ya sa ta ƙiba.