Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lokacin da Na Ƙera Teburin Wasa

Masu bin wannan labari, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya ne a inda MAME ta tashi a tsohuwar kwamfutata, wasannin da na sani tun ƙuruciya suka shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda kashin baya ya wuce shi, MAME manhaja ce da ke kwaikwayon injinan wasa na da, dogayen akwatunan nan da sai an jefa musu sulalla suke yarda a buga. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, shi ya fara sakinta a watan Fabrairun 1997, daga baya masu aikin sa kai daga ƙasashe da dama suka ɗora a kai.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Hoto ya fito daidai, sauti ma haka, amma hannuna ya ƙi amincewa. Da kibod ake bugawa: ka danna 5 a matsayin sulalla, ka danna 1 wasa ya fara, kibiyoyi su ne tafiya, Ctrl na hagu shi ne harbi. Injin asali kuwa a tsaye ake fuskantarsa, sanda a tafin hannu, har kafaɗa tana da nata aikin. Ƙanena, wanda ya fi ni iya wasa nesa ba kusa ba, ya gwada na ɗan lokaci ya ture kibod ɗin gefe.

"Yaya, wannan ai kallon wasa ne, ba buga shi ba."

Maganarsa ce ta sa na ɗauki niyyar ƙera tebur mai sanduna da maɓallai na gaske.

Da farko abin ya yi kama da mai sauƙi. Maɓallin injin wasa ba komai ba ne illa makunni mai waya biyu, ka danna su haɗu, ka saki su rabu. Sandar ma makunnai huɗu ne a ƙarƙashinta, sama, ƙasa, hagu, dama. Na farke wani tsohon kibod, na ciro ɗan allon da ke cikinsa, na jona wayoyin maɓallaina a bakinsa, yadda masu wannan sha'awa suka daɗe suna yi. Mutum ɗaya na bugawa lafiya lau. Da muka tsaya mu biyu a kan Street Fighter II, wasan Capcom na 1991 mai maɓalli shida ga kowane ɗan wasa, sai naushi ya riƙa ɓacewa. Dalili shi ne kibod ba ya ba kowane harafi wayarsa. Layuka ne a jere da a tsaye, harafi yana mahaɗarsu, don haka idan aka danne wasu uku lokaci guda allon kan rikice, ko ya ƙirƙiro na huɗu da ba a taɓa ba, ko ya toshe ɗaya don gudun hakan. Mai buga wasiƙa ba zai taɓa lura ba. Mutum biyu da ke dambe, kowa ya karkata sandarsa zuwa kusurwa yana kuma danna maɓalli, nan take suke cin karo da shi. Maganin shi ne ƙaramin allo da aka ƙera don wannan aiki, irin su I-PAC, wanda kowane maɓalli ke da nasa bakin waya, kwamfuta kuma ta ɗauke shi a matsayin kibod.

Wannan matsalar waya ce, kuma ta mutu a ranar da allon ya iso. Wadda ta biyo bayanta ita ce ta canza mini tunani gaba ɗaya.

Ƙanena gwanin Pac-Man ne, wasan da Namco ta fitar a 1980. Ya kama sabuwar sandar da murna, amma duk ya zo kwana sai abin ya zarce, ko ya juya inda ba a aike shi ba, dodanni su cim masa. Ya ce sandar ce ba ta da kyau. Na auna makunnan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Ashe sandar da na saya mai fuska takwas ce, tana yarda a danne sama da dama tare, wato kusurwa. Ta Pac-Man ta asali mai fuska huɗu ce. A ƙarƙashinta akwai faranti mai rami da ke hana sandar shiga kusurwa, saboda haka makunnai biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda. Waɗanda suka tsara wasan ba su damu da tanadin abin da zai faru idan sama da dama suka zo tare ba, tunda ƙarfe ya riga ya hana. Wato wani ɓangare na dokar wasan ba a cikin manhajarsa yake ba sam, yana cikin wannan faranti. Za ka iya kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ba tare da kuskuren ko ɗigo ba, amma faranti ba ya kwafuwa.

Masu rubuta MAME sun san da wannan, kuma sun yi abin da za su iya. Idan wasa mai fuska huɗu ne aka kuma ba shi kusurwa, manhajar takan fifita sabuwar fuskar da aka danna, bisa zaton can ɗan wasa ya nufa. Zato ne mai hankali, kuma sau da yawa yana dacewa. Amma zato ne. Hannun da ya saba yakan fara jingina sandar tun kafin a iso kwana, ya bi gefen farantin ya zame zuwa sabuwar fuska, kuma wannan zamewa babu lissafin da zai mayar maka da ita. Da na samo faranti mai fuska huɗu na ɗaura, ƙanena ya buga bai ce uffan ba har ya wuce allo na biyar, sannan ya ce, "Yanzu ka yi aiki, Yaya."

Daga nan na fara duba kowane wasa ta ƙarƙashin teburinsa. Donkey Kong na 1981 fuska huɗu ne shi ma. Q*bert na 1982 fuska huɗu ne, amma an karkatar da sandar gaba ɗaya ta koma kusurwa-kusurwa, saboda tsallen da ake yi a kan dalar. Robotron: 2084 sanda biyu yake so, ɗaya ta gudu ɗaya ta harbi. Sinistar na kamfanin Williams sandarsa matsayi 49 take ganewa, tana bambanta ɗan turi da turi mai ƙarfi. Ikari Warriors na SNK, 1986, sandarsa ana turawa ana kuma murɗa kanta, soja ya tafi gabas yana harbin yamma. Ko ƙa'idar JAMMA ta jona wayoyin injinan wasa, da kamfanonin Japan suka kafa a tsakiyar shekarun 1980, mai bakin waya 56, sanda ɗaya da maɓalli uku ta tanadar wa kowane ɗan wasa. Duk abin da ya wuce haka sai an ja masa wayarsa daban, shi ya sa maɓallan shuri na Street Fighter II suke da nasu damin wayoyi.

Wanda ya fi cin raina shi ne majuyi, ɗan dunƙulen ƙarfen nan da ake murzawa da yatsu a wasan Tempest na Atari, 1981, da Arkanoid na Taito, 1986. Shi babu makunni a cikinsa. Faifai ne mai haƙora da ke wucewa ta gaban idanun haske guda biyu. Yawan haƙoran da suka gifta shi ne nisan juyi, idon da ya riga ganin haƙori kuma shi ke nuna ko hagu aka yi ko dama. Tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki da wannan dabarar yake aiki, haka ma ƙwallon mirginawa na Centipede da Missile Command. Don haka na farke linzami, na ɗaura faifan da na yanka da hannuna a gaban idonsa, na sa masa ƙarfe mai nauyi don ya riƙa ci gaba da juyawa bayan an sake shi. MAME ta karɓe shi a matsayin linzami ba gardama.

Sai ga wani abin mamaki. In na murza a hankali, jirgin Tempest ya bi hannuna. In na murza da ƙarfi, sai ya tsaya yana rawa, ko ma ya koma baya. Na daɗe ina zargin wayoyi kafin na gane lissafin. Injin Tempest yana ƙirga haƙora ne da ɗan maƙirgi da ke tafiya daga 0 zuwa 15 ya sake komawa 0, wasan kuma yana leƙa shi a kai a kai ya ga bambanci. Kamar mutum ne da ya bar agogo a ƙarfe 12 ya dawo ya tarar da shi a 11. Zai ɗauka baya aka mayar da shi da awa ɗaya, alhali gaba ya yi da awa goma sha ɗaya. Majuyin asali ƙirga 72 yake bayarwa a zagaye guda, kuma da wuya hannun mutum ya zarce abin da maƙirgin zai ɗauka. Nawa faifan yana aika fiye da haka sosai, sai ƙirgar ta haura rabi tsakanin leƙe biyu, wasan ya fassara ta a matsayin komawa baya. Gyaran yana cikin saitunan da ke fitowa idan an danna Tab: ka rage kaifin majuyin har zagaye ɗaya na hannunka ya yi daidai da zagaye ɗaya na injin asali. Na manna ɗan tef a kan ƙarfen ina juyawa ina lura da allo har suka daidaita. Arkanoid kuma nasa saitin daban ne, domin majuyinsa yana da giya a ciki da ke ninka juyin, ɗan motsi kaɗan ya kai abin tare ƙwallon wasan daga bango zuwa bango.

A nan ne na saba da masu cewa manhajar ta riƙa gyara irin wannan da kanta, ta ɓoye wa mai wasa. Ni ban yarda ba. Komawa bayan nan shaida ce cewa kwaikwayon ya yi daidai, domin injin asali ma haka zai yi da an ɗaura masa faifai irin nawa. Abin da nake nema daga manhajar kwaikwayo shi ne ta faɗa mini irin abin da wasan ke jira, sanda ce ko majuyi ko sitiyari, fuska nawa, ƙirga nawa, sannan ta bar mini ƙofa in jona na gaske in ina da shi. Mai kibod a sauƙaƙa masa, ba laifi. Amma kada sauƙin nasa ya zama shi ne ma'aunin yadda wasan yake.

Teburin ya ƙare da sanda biyu masu fuska takwas, ɗaya mai fuska huɗu a tsakiya, majuyi a gefe, da maɓallai shida-shida. Ya yi faɗi, ya yi nauyi, kuma ba zan ce yana da kyan gani ba. Ƙanena ya zagaya shi ya ce saura abu ɗaya, bindiga. Bindigogin wasa na da kuwa da hasken tsohuwar talabijin mai ƙeya suke gane inda aka auna, ni kuma a lokacin allon da ke gabana shafaffe ne na zamani. Yadda muka kwashe da wannan, sai a kashi na 15 mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.