Daren da a-kori-kurar Baffa ta ƙi canza giya

Mun kama hanya da la'asar, ni da Baffana, a tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar 1998 mai giyar otomatik, baya cike da kaya. Ni ke tuƙi. Awa uku muna tafiya lafiya lau, sai da duhu ya shiga na kunna fitila sannan motar ta fara nuna halinta. Hasken ya riƙa dusashewa yana dawowa, allurar gudu ta faɗi ƙasa alhali muna zabga tafiya. Can na ji wani gum daga ƙasa. Daga nan giya ta maƙale a ta uku: in na taka totur injin ya yi ta gurnani, motar kuwa ta tashi da kyar kamar an ɗaure ta.

Na gangara gefen titi, na ce, "Baffa, giyabos ya tafi." Har na fara lissafin yadda za a ja mu.

"Kai yaro, saurin me kake yi? Riƙe min tocila."

Injin na aiki, giya na P, ya zaro sandar man giya. Man ja ne, bai yi ƙasa ba, ba ya ƙauri. Ya ce giyar da ta ƙone manta baƙi-baƙi yake komawa, hancinka ma zai gaya maka. Sai ya ɗauko 'yar mitarsa daga ƙarƙashin kujera. Da injin a kashe batir ya ba da volt 12.5, da aka tayar ya haura 14.1, wato altaneta na caji. Fiyus kuma duk ƙalau. Ni dai a nan basirata ta ƙare.

Shi kuwa sai ya sa na kunna fitila da fanka da duk abin da ke cin wuta, ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na negatif, ɗayan a jikin injin. Kusan volt guda. Ya ce bai kamata ya wuce 0.2 ba. Muka bi wayar at, wato wayar da ke haɗa kan batir na negatif da jikin injin, da tocila har inda aka ɗaure ta, muka tarar notin ya saki, bakin wayar ya yi kore shar da tsatsa.

Yana goge ta da samfefa yana min bayani. Giyar irin waɗannan motoci kwamfuta ce ke canza ta, tana karɓar labarin gudu daga sensa, wato 'yar na'urar da ke auna shi, tana amfani da wuta wajen buɗe hanyoyin man giya. In wutar ta yi ta rawa, sai kwamfutar ta kulle mota a giya ɗaya don kada a yi ɓarna. Ashe da na kai ta wurin makanike mai gaggawa, da an sauke giyabos mai lafiya.

Ya ɗaure notin tam, ya cire kan batir na 'yan mintoci ya mayar. Na tayar, muka hau titi ina kasa kunne: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai ga ta huɗu ta shiga sumul.

Allurar gudun ce kawai ta ci gaba da tsalle duk lokacin da muka faɗa rami. Baffa ya ce soket ɗin sensa ne, sai gari ya waye zai shiga ƙarƙashi ya duba. Ya gyara kujera ya fara gyangyaɗi.