Asabar: bin diddigin kalmar "delico"

Yau Asabar ban leƙa ko ƙofar gida ba, domin tun bayan azahar na duƙufa wajen bin diddigin kalma ɗaya tak ta harshen Ido, wato "delico", wadda ke nufin matuƙar jin daɗi. Ido harshe ne da aka ƙirƙira domin mutanen duniya su riƙa fahimtar juna da shi, kuma sunansa ba shi da alaƙa da idon gani. A harshen Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da ya riga shi, "ido" na nufin ɗa ko zuriya, kuma an raɗa masa sunan ne saboda daga Esperanto aka tsago shi a birnin Paris a shekarar 1907, bisa jagorancin Louis Couturat da Louis de Beaufront.

Ana furta kalmar "delitso", harafin "o" na ƙarshe kuwa alama ce kawai ta cewa kalmar sunan abu ce. Da na cire shi sai saiwar "delic" ta rage, wadda idan aka liƙa mata ɗafin "oz" mai nuna yalwa ake samun "delicoza", abu mai daɗin gaske. Saiwar ita ce "délice" ta Faransanci da "delizia" ta Italiyanci da "delicia" ta Sifaniyanci, dukkansu kuma daga "deliciae" ta Latin, harshen Romawan da, suka fito. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke ƙarƙashin wannan: aikatau "delicere", wanda aka gina a kan "lacere", ma'anarsa jan mutum da lallami ko ruɗarsa. Ashe a wurin Romawa daɗi abu ne da ke janye mutum daga inda ya dosa, amma wannan ma'ana ba ta iso Ido ba.

Bayan la'asar na koma kan ƙa'idar zaɓen kalmomi. Masu tsara Ido suna duba harsuna shida, wato Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci, su ɗauki saiwar da ta fi yaɗuwa a cikinsu. A ganina wannan ƙidaya tana da rauni, domin uku daga cikin shidan 'ya'yan Latin ne, Ingilishi kuma ya yi aro mai yawa daga gare su, don haka lamarin ya zama tamkar a kira 'yan ɗaki ɗaya su ba uwarsu shaida. Ba a nemi ra'ayin Larabci ko Sinanci ba, duk da cewa harshen dukan duniya aka ce ana ginawa.

Gobe, in Allah ya kai mu, zan duba "joyo" da "plezuro", in ga inda ma'anarsu ta rabu da ta "delico".