Sawun Farko: Abin da Aikin Neman Ɓatattu a Jeji ke Koyarwa

Darasin da ya fi wuyar shiga kan sabon ɗan sa kai shi ne ya tsaya. Da an ce wani ya ɓace a jeji, sai jama'a su bazu suna ƙwala kira. Kafin wanda ya san aikin ya iso, mutum talatin sun tattake wurin da aka yi wa ɓataccen ganin ƙarshe, alhali nan ne kaɗai ake da tabbacin sawunsa. Shi ya sa a horo ake fara koyar da kewaye wurin da igiya a sa mai gadi, wani kuma ya zauna da dangi riƙe da biro da takarda. Wane takalmi ya sa, lamba nawa? Ya ɗauki ruwa? Yana shan wani magani? Ya taɓa ɓacewa, a ina aka tsince shi?

Dalilin wannan bin diddigi lissafi ne. Mai tafiyar kilomita 4 a awa, idan ba a san inda ya dosa ba, cikin awa ɗaya filin nemansa ya kai murabba'in kilomita 50. Cikin awa biyu ya zama 200. Sawu ɗaya da ya nuna arewa ko gabas yakan zaftare mafi yawan wannan fili.

Bin sawu kuwa da sassafe ko da la'asar sakaliya ake yin sa, lokacin da rana ta karkata, inuwa ke kwanciya cikin ramin sawun. Ka sa sawun tsakaninka da rana, ka yi tafiya ta gefensa. Da dare a sauke tocila kusa da ƙasa, a haska ta gefe. Akan ɗaura wa sanda roba biyu, ɗaya tsawon tafin ƙafa, ɗaya tsawon taku; in sawu ya ɓace, a ɗora sandar a kan na ƙarshe a juya ta a hankali, na gaba yana kusa da bakinta. A wannan fanni, makiyayi ko tsohon mafarauci ya fi mai takardar shaida, kuma tawagar da ta raina su ita ta yi asara.

Kira ma da ƙa'idarsa: a busa usur, kowa ya yi tsit minti guda yana saurare. Ƙaramin yaro kan ɓuya ya ƙi amsa baƙuwar murya, don haka a leƙa kowane kurmi da kwazazzabo. Tsohon da ya rikice yakan miƙe har sai ƙaya ko rafi ya tare shi.

A hamada matsalar takan fara ne da barin mota. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, yawanci mata da yara, a arewacin garin Arlit na Jamhuriyar Nijar, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. A warwatse aka same su, rukuni-rukuni, ƙishirwa ta kashe su. Mota ana hango ta daga nesa, kuma tana da inuwa. Mutum ɗaya a cikin rairayi ɗigo ne kawai.

In an samu mutum da rai, kada a miƙa masa jarka ya kwankwaɗa, amai zai yi. A haɗa masa lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi ta fifita. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe. Ɗaukarsa a gadon marar lafiya na son mutum shida, da wasu shida na canji, su ma kowanne da ruwansa, domin mai aiki cikin zafin rana na iya zubar da gumi lita guda a awa.